Ranar da Baba Yari ya kai ruwa bakin teku

Duk wanda ya ce muku Baba Yari hauka ya yi a gudun nan na Legas, ku turo min shi rumfata a kasuwar Mile 12. Zan zuba masa shinkafa da wake ya ci ya ƙoshi, sannan in wanke shi tas. Ni Baiwa ina wurin, da idona na gani, kuma ruwan da ake ta surutu a kai ruwana ne.

Baba Yari ɗan dako ne, waɗanda Yarbawa ke kira alabaru. Daga wani ƙauye na ƙasar Zamfara ya zo ci-rani tun ina firamare, da niyyar in damina ta faɗi ya koma gona. Damina ta yi ta faɗuwa, Baba Yari yana nan. Mahaifina ya ba shi ɗaki a gidanmu na Agege, gidan da kakanmu tsohon soja ya gina kusa da layin dogo, kuma har yau a ɗakin yake. Iyalinsa suna can gida, yakan je musu da Babbar Sallah. Yarbancinsa bai wuce na neman hanya ba, Hausarsa kuwa ko gezau ba ta yi ba. Har gobe ɗiyata yake ce min, ni da na aurar da 'ya.

Aikinsa kwandon tumatir ne. In motar Arewa ta shigo kasuwa, mutum biyu ne za su kama kwando su ɗora masa a kan gammo, ya tsunduma cikin taɓo da cunkoso da wani ɗan gudu-gudu nasa, wuya a miƙe, hannu ɗaya a sama yana tallafe da kwandon. Na tashi ina ganinsa a haka, na buɗe rumfar abinci ina ganinsa a haka. Ban taɓa ganin ya zubar da ko ƙwaya ɗaya ba.

To, 'yan dakon layinsu suna da dokokinsu, ba a rubuce ba, amma kowa ya sani. Ba a sauke kaya a hanya sai an kai inda mai kaya ya ce. Ba a taɓa abin da ke cikin kaya ko da yunwa za ta kashe mutum. Sai ta ƙarshe, wadda ta haɗa mu rigima: duk wanda furfura ta kama, ranar da ya faɗi da kaya, sarkin 'yan dako zai karɓe gammonsa ya rataye a ƙusa a rumfarsu, a mayar da shi gadin kwandunan da babu komai a ciki. Zama ne a kan benci, yara su riƙa miƙo maka ɗan abin da suka ga dama. Baba Yari yakan ce wannan mutuwa ce ba jana'iza.

Wata Talata, ruwan da aka wanke barkono ya kwararo hanya, santsi ya kwashe shi. Kwando ya tafi gefe, shi ya tafi gefe, tumatir ya watse har ƙarƙashin motoci. Wallahi ko saurayi ne sai ya faɗi a wurin nan. Amma saurayi ba shi da furfura.

Sarkinsu a lokacin Abdulwahid ne, wanda Baba Yari da kansa ya koya wa naɗa gammo. Da yamma a rumfata, a gaban jama'a, ya miƙa hannu.

"Baba, ka san doka," in ji shi, idonsa a ƙasa.

Baba Yari ya miƙa masa gammon ba musu. Sannan ya ce, "Santsi ya kada ni, ba tsufa ba."

Yaran da ke cin abinci suka fara ƙus-ƙus. Wani mai ƙaton baki ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Aka kwashe da dariya. Abdulwahid, don ya kashe maganar da raha, sai ya ce, "To Baba, in ƙafar tana nan, ga gudun gari yana zuwa. Ka je ka gama shi, ni da hannuna zan mayar maka da gammonka."

Na ajiye ludayi na ce, "Sarki, magana zarar bunu ce fa. Ni shaida ce."

Baba Yari ya suɗe hannunsa tsaf ya ce, "Na ji, na karɓa."

Ga wanda bai sani ba, gudun yada-ƙanin-wani ne da ake yi a Legas duk shekara, wata Asabar cikin watan Fabrairu, yau shekara goma ko kusa da haka. Ana tashi da sassafe daga filin wasa na Surulere, a bi titin Ikorodu, a hau doguwar gadar nan ta kan ruwa, a zagaya ta Ikoyi da Lekki, a ƙare a bakin teku inda aka cike ruwa aka yi fili. Kilomita arba'in da biyu. Ana rufe tituna, ana jera masu raba ruwa a hanya, 'yan Kenya da Habasha su zo su kwashe kyauta su tafi. In lokaci ya cika sai a buɗe hanya, mota ta bi baya tana kwashe waɗanda suka gaza. Mu 'yan kasuwa abin da muka sani game da shi ɗaya ne: ranar nan motocin kaya suna makara, mu wuni muna tsaki.

Ni na yi masa rajista a wayata, na karɓo masa lambar da ake mannawa a ƙirji, na je kasuwar Katanguwa na zaɓo masa kambas na gwanjo. Na ce ya riƙa ɗan gwada gudu da safe kamar yadda na ga masu yi suna yi. Ya dube ni kamar na zage shi. Wai shi da ya ƙare rayuwarsa yana gudu da kwando a kai, za a koya wa gudu da kai wayam? Ai wannan hutu ne. Ni ma na yarda da shi, Abdulwahid ma da ya ji sai jikinsa ya yi sanyi. Dukkanmu ba wanda ya hango inda gizo ke saƙa.

Ranar Asabar ɗin na rufe rumfa, na je na tsaya a kan Abdulwahid. Ya ce yana da aiki. Na ce aikin banza, wanda ya kafa sharaɗi shi zai ga ƙarshensa, maza, sa gammon a aljihu mu tafi. Muka tsaya a Oworonshoki, daidai inda za a hau gada, ni da ledar fiya wata cikakkiya da na saya don in ba shi ya sha ya watsa a jiki.

'Yan Kenya suka wuce fuu, kafin in gyara mayafi sun ɓace. Jama'a suka yi ta wucewa, masu ƙiba, masu rama, mata, turawa. Can sai ga Baba Yari. Gabana ya faɗi. Tangaɗi yake yi, kai yana rawa a kan wuya, ƙafafu suna harɗewa, hannun dama kuma sai tashi sama yake yana laluben kwandon da babu. Mutumin nan bai taɓa sauri ba kaya a kansa ba, jikinsa bai san yadda ake yi ba. Abdulwahid ya ce, "Hajiya, ki roƙe shi ya haƙura." Na ce ya rufe min baki.

Baba Yari ya iso yana haki. "Ɗiyata, kaina ba nauyi, iska na son tafiya da ni." Sai idonsa ya sauka a kan ledar da ke gabana. "Wanga ruwa naki na?"

Na ce, "Nawa ne, Baba, kai na kawo wa."

"Ina za a kai maki shi?"

Na dubi ledar, na dubi kansa. Sai na gane. Na ce, "Bakin teku, inda ake gama gudun."

"Aza mani."

Na cire ɗankwalin da na ɗaura a ƙugu zan naɗa masa gammo, ya girgiza kai. Sarki ya karɓe masa gammo, ba zai sa wani ba sai an mayar masa da nasa. A kan hularsa kawai na ɗora ledar. Jama'a, da kun ga ikon Allah! Wuya ya miƙe, kafaɗa ta zauna, hannu ya samu abin riƙewa. Ya hau gadar nan da ɗan gudu-gudunsa na kasuwa, yana ta "Hanya! Hanya!" masu gajeren wando suna darewa suna ɗaukarsa hoto. Na rangaɗa guɗa har wani ɗan sanda ya waiwayo.

Gada a rufe take ga motoci, dole muka jira. Sai da rana ta take aka buɗe, muka samu danfo, motar hayar Legas, muka tsallaka, muka ƙarasa da wata motar zuwa Lekki, ina leƙe ta taga ina addu'a. A can muka same shi. Gudu ya ƙare, tafiya ce kawai, yana jan ƙafar hagu. Masu raba ruwa sun naɗe teburansu tuntuni. Motar kwashe gajiyayyu tana biye da shi a hankali, wani ma'aikaci ya leƙo yana lallashi, "Baba, lokaci ya wuce, ka shigo, za mu kai ka." Mutumin kirki ne, aikinsa yake yi. Baba Yari ko kallonsa bai yi ba. Ya ce, "Ɗan dako ba ya shiga mota da kayan mutane." Motar ta gaji ta wuce, aka bar shi da danfo da hon da zagin direbobi.

Muka sauka muka bi shi a ƙasa. Da na ga leɓensa sai hawaye ya zubo min. Ya bushe ya tsage, har da farin kumfa a gefe, ga ruwa leda guda a kansa yana ƙyalli cikin rana. Na ce, "Baba, don girman Allah fasa ɗaya ka sha, ai nawa ne, na yafe!" Ya ce in an kai an sauke, in na ba shi zai sha. Na juya zan sayo masa wani, titin nan na masu kuɗi ko mai talla babu. Haushi ya kama ni, na juye shi a kan Abdulwahid. Na ce in tsohon nan ya faɗi a nan, bakinka ne ya kashe shi, kuma sai na tsaya tsakiyar Mile 12 na faɗa. Abdulwahid ya laluba aljihu. Ya zaro gammon ya sha gaban Baba Yari.

"Baba, karɓi. Na janye. Ka isa, wallahi ka isa."

"Kauce mani, yaro," in ji Baba Yari. "Ba nan muka yi da kai ba."

Haka muka tafi, shi a gaba, mu a baya kamar masu rakiyar amarya. La'asar ta kusa muka shiga filin. An watse. Ba ganga, ba mai tafi, ba lambar yabo, sai masu kwance rumfuna da masu shara, da robobin ruwa ko'ina a ƙasa. Baba Yari ya tambayi wata mai shara inda ake tsayawa, ta nuna masa wani zane a kwalta. Ya taka shi da ƙafa biyu ya tsaya. Bai sauke da kansa ba. Ya tsaya ƙiƙam yana jira, kamar yadda ake yi a kasuwa. Abdulwahid ya matso, ya sa hannu biyu ya sauke masa ledar, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"Ɗiyata, duba kayanki," in ji Baba Yari.

Na duba. Ko ɗaya ba ta fashe ba, sai dai ruwan ya yi zafi kamar na shayi. Na fasa da haƙori na ba shi, ya zauna a ƙasa ya yi bisimilla ya sha. Sai da ya sha ya ƙoshi sannan ya miƙa hannu, Abdulwahid ya durƙusa ya sa masa gammon.

Gwiwar hagu ta kumbura suntum, ya yi makonni a kwance a Agege, ina kai masa tuwo yana min faɗa wai miya ba yaji. Likita ya ce gwiwar nan ta gama aiki. Na ɓoye masa, amma ai jikinsa ne, ya riga ni sani.

Ranar da ya koma kasuwa na bar tukunya a wuta na bi shi. Motar tumatir ta shigo, ya naɗa gammonsa ya tsaya a layi. Ba wanda ya yi dariya. Mai ƙaton bakin nan da kansa ya kama kwando suka ɗora masa. Ya kai shi har rumfar mai kaya, yana ɗingishi, wuya a miƙe, aka sauke masa lafiya lau. Daga nan bai koma layi ba. Ya wuce rumfarsu, ya taka benci, ya rataye gammon a ƙusar da ta fi kowace tsawo. Ya sauko da ƙyar ya dubi Abdulwahid.

"Ni na rataye shi, ba kai ba. Ranar da na ga dama in ɗauko abina."

Yanzu yana zaune a bencin, amma ku gwada miƙa masa sadaka ku gani. Gammon yana nan a sama, ƙura ta hau shi, kuma duk safiya in mota ta shigo sai ya ɗaga kai ya dube shi. Har yau ba wanda ya isa ya taɓa.