Ƙafar da Aka Bari a Ƙofar Ɗakin Baba

Kwana uku na yi ina koya wa maigidana yadda ake gaida Baba. Bature ne ɗan Ostireliya, tsohon sojan ƙasa, mai haƙa rijiyoyin burtsatse, ni kuma ina tuƙa masa mota. Ya samu aiki a wasu ƙauyuka da hanyarsu ba ta da tsaro, ni ina son binsa kamar in mutu, Baba kuwa ya rantse ba inda za ni. Shi ya sa na lallaɓo mutumin zuwa gidanmu na Tudun Wada, ko idon baƙo zai yi abin da bakina ya kasa.

Na ce masa ka durƙusa, kada ka miƙa hagu, kuma ko sama da ƙasa za su haɗe kada takalmi ya taɓa shimfiɗar Baba. Ya ce ya ji. Wata biyar muna tare, na san yana ɗingishi, amma wallahi na ɗauka yanga ce irin ta sojoji.

Bayan la'asar muka iso. Baba na ɗakin karatunsa da amininsa, wani Alhaji daga Gyallesu. Na zare silifas na shige. Baturen ya tsaya yana kokawa da takalmin dama, ya ja, ya murɗa, ya ƙi fita. Na zare masa ido. Sai ya ɗage wando, ya danna wani abu a gwiwa, ƙafar ta fita ɗungurungum, ashe ta roba ce. Ya jera ta tsaf kusa da silifas ɗina, ya shigo da tsalle, ya ce, "Salamu alaikum, Baba. Ina gajiya?"

Alhaji ya haɗiye goronsa bai shirya ba. Baba, wanda ban taɓa ganin abu ya girgiza shi ba, ya amsa da "Lafiya lau" har sau huɗu.

Ana haka Inna ta fito da ƙwaryar fura. Ta ga ƙafa tsaye cikin takalma, da safarta, ba mai ita. Muka ji salati, muka ji ƙwarya ta tarwatse.

"Malam! Wa aka yanka?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce shi ke nan, tafiya ta ruguje.

Da ƙura ta lafa, Baba ya ce in tambaye shi ina ƙafarsa ta asali. Ya ce tana Afganistan. Shi ne mai tafiya a gaban 'yan'uwansa idan sun fita sintiri, wata rana kuwa ya taka nakiya a bakin wata gona. Abokinsa ya goya shi har inda jirgi zai sauka. Ya yi wata da watanni a asibiti yana koyon tafiya, ya ce har yau babban yatsan da babu shi yakan yi masa ƙaiƙayi. Na fassara duka, ban ƙara gishiri ba, don babu wurin sa shi.

Alhaji ya ce, "To in ya yi ƙaiƙayi, ina kake sosawa?"

"Ta robar," in ji shi. Alhaji ya jinjina kai, wai hakan ma dabara ce.

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Tambaye shi, a ƙauyukan nan wa zai shiga gaba, shi ko kai?"

Baturen bai jira ni ba. Ya nuna ƙirjinsa.

Baba ya daɗe yana kallon wandon da ya zube babu komai ciki. Ni dai tausayi ya kama ni, na mutumin da na tsohona duka. Can ya ce, "Je ka, Allah ya tsare. Wanda ya san abin da hanya ke ci ba zai ba ta ɗana ba."