Malikeleli Mai Taɓa Ƙafa

A garin Mafeteng na ƙasar Lesotho ba wanda bai san Malikeleli ba, mai shagon magani a bakin tasha, wadda sai ka cire takalmi kafin ta yi maka maganar ƙwayar ciwon ɓarin kai. Ana mata dariya, ita ko a jikinta. Ni kam ban ga mai amana kamarta ba.

Abin ya samo asali ne daga yayanta Tseliso, direban tasi. Shekara tara ke nan, ita da hannunta ta ba shi wannan ƙwaya da ake haɗawa daga fumfunar hatsi. Tana kwantar da ciwon kai, amma tana matse jijiyoyin jini, balle in ta haɗu da wasu magungunan ƙanjamau, waɗanda shi yake sha a ɓoye. Da ƙafafunsa suka yi sanyi, kowa ya ce ai watan Yuni ne, tsakiyar hunturu, wa ke da ƙafa mai ɗumi a Lesotho? Aka ƙara masa bargo. Kafin a farga yatsu uku sun yi baƙi, aka yanke su.

Rannan Puleng, mai ɗinki a kamfanin wanduna, ta shigo riƙe da kai.

"Yaya, ƙaro min irin ƙwayar da na sayo a Maseru. Kaina kamar ana sara."

"Zauna, cire takalmi."

"Kai na ce miki, kina neman ƙafa. Ko kin koma sayar da safa ne?"

Malikeleli ta durƙusa ta taɓa. Ƙafar dama kamar ƙanƙara, jini ba ya bugawa. Ta tura ƙofa, ta yi ƙasa da murya.

"Ƙanwata, ban tambaye ki ciwonki ba. Wace ƙwaya kike sha kullum?"

Puleng ta zaro ɗan littafin asibiti daga cikin bargon da ta yafa. Malikeleli ta duba, irin maganin da Tseliso ke sha ne.

Malikeleli ta kulle shago da rana tsaka, ta yi wa Tseliso hannu. Ya dubi ƙafar, ya dubi Malikeleli, ya roƙi fasinjojinsa su sauka don ya kai Puleng asibiti.

Bayan mako biyu Puleng ta dawo da ƙafafunta. Ba wanda ya ce mata komai, ta tuɓe takalmi.

"To mai safa, ƙirga."

Malikeleli ta ƙirga yatsun, goma cif. Sai da ta sake ƙirgawa, don hawaye sun hana ta gani da kyau.