Mushe Idi Da Darasin Da Ya Jira Damina

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar mahaifina, wanda duk unguwar Wadata ke kira Mushe Idi, wato Malam Idi da Faransanci. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa, sai in ga ko dai in yabe shi in yi ƙarya, ko in faɗi gaskiya in ji kunya. Yau dai zan gwada.

Malamin kimiyya ne a lise, wato babbar sakandare. A zamanin sojoji, bayan wani yajin ɗalibai, aka sallame shi, aka kori yayata Hadiza da ni tare da shi, aka kuma hana shi fita Yamai. Ga fari ya kama ƙasa. Mutanen karkara sun cika bakin gari, babu ƙauyen da za a tura mu, babu makarantar da za ta karɓe mu. Gidan haya mai ɗaki biyu ya zama mana lakkwal, wato makaranta, ya zama mana kurkuku.

Baba bai zauna yana kuka ba. Ya shafa wa bangon zaure baƙin fenti, ya ce za mu zauna jarrabawar bak ta shiga jami'a daga gida. Ya tsara darussa bi da bi: lissafi tukuna, sai fizik, sai shimi, wato ilimin sinadarai, sannan ilimin halittu a ƙarshe. Hujjarsa ita ce kowanne yana tsaye ne a kan na bayansa. Har yau ban ce bai da gaskiya ba.

Amma Yaya Hadiza likita take son zama, kuma a sashen da ta zaɓa ilimin halittu ne ke ɗauke da maki mafi nauyi. Muka gama shimi, ta ce, "Baba, lokaci na tafiya, mu shiga tsirrai mana."

Ya ce, "Sai ruwa ya sauka. Ban taɓa koyar da tsiro a kan allo ba, ba kuma zan fara a kanki ba."

A lise da gonarsa yake koyarwa, daga shuka hatsi har girbi. Inna ta ce ya shuka wake a gwangwanin tumatir, za ta rage masa ruwan garuwa. Ya ce gwangwani ba gona ba ne. Taurin kai irin na Baba, ko jaki sai ya sara masa.

Damina ta zo a suna kawai. Ya yi shuka a bayan gidanmu, tsiron ya leƙo ya ƙone. Muka koma maimaita fizik har na ƙosa da shi. Hadiza ta riƙa karanta littafin Baba na ilimin halittu a ɓoye, ba mai yi mata bayani. Ta faɗi jarrabawa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kafin wata shekarar Baba ya kwanta, bai tashi ba, ita kuma ta hau keken ɗinki don mu ci. Ni da na samu wucewa daga baya, da ƙafarta a kan keken nan na wuce.

Yanzu a unguwar Bobiel ina ganin iyaye na koyar da 'ya'yansu a gida da son ransu, suna zuwa tambayata wane darasi za a fara, da yake ni ma a gida na yi karatu. Nakan yi tunanin me Baba zai ce da yaron da ke kallon tsiro na fitowa a cikin waya. Na san zai yi tsaki. Ni kuwa nakan ce musu tsari na da kyau, amma su fara tambayar yaron inda ya nufa, su kuma duba lokacin da ya rage masa.

Na fahimci Baba daga baya. An ƙwace masa aji, an ƙwace masa hanya, abin da ya rage a hannunsa shi ne yadda zai koyar, shi ya sa ya riƙe shi gam. Na gaji tsantseninsa, ina alfahari da shi, kuma har yau ina jin haushinsa. Allah Ya jiƙansa.

Kafin in rubuta wannan na je shagon Yaya Hadiza, na tambaye ta ko ta yafe masa. Ba ta tsayar da keken ba.

Ta ce, "Tun ranar da aka ɗauke shi zuwa makabarta na yafe. Sai dai har yau in na je asibiti, likita mace ta shigo, ƙasa nake kallo."