Gindin Soson Hajiya

Ina fitowa daga zaure, abin da na fara lura da shi shi ne rana ta yi yawa a tsakar gidan. Na tsaya da jakata a hannu ina neman abin da ya canza, sai na ɗaga kai. Soson da ya lulluɓe rumfar ƙofar ɗakin kakata ya bushe, ganyayensa sun ƙanƙance suna reto a jikin gora.

Ina makarantar kwana Hajiya ta rasu. Ba a gaya mini ba sai da muka gama jarrabawa, shi ya sa na roƙi Mama ta bar ni in yi hutun a gidan, can Dala, wajen Kawu da matarsa.

Hajiya ba ta taɓa ɗaukar bokiti don ba soson nan ruwa ba. 'Yar kujerarta take ja zuwa gindinsa ta yi alwala, sau biyar a rana, shi ke nan. Takan ce bai kamata ruwan alwala ya bi kwata ba ga mai ƙishi a kusa. Idan 'ya'yan suka bushe sai ta ɓare, ta kakkaɓe baƙaƙen irin a tafin hannuna, ta raba wa jikoki soson wanka. Ni kuwa ba ta barina in huta da tsokana. Wai ni da shukar halinmu ɗaya, ba magana sai leƙen katanga.

Na durƙusa na duba gindin. An gwaigwaye shi ya rabu biyu, abin da ya rage a ƙasa bai fi taƙi ɗaya ba, ga kashin zomo a warwatse kamar 'ya'yan carbi. Kawu yana kiwon zomaye a keji bayan madafi. Da Hajiya tana raye ba mai sakinsu, yanzu kuwa kullum da safe ake buɗe musu su zaga kafin a share kejin.

Na tambayi matar Kawu ko akwai sauran iri. Ta ce busassun da ke rataye a ɗakin an rabar da su tare da kayan Hajiya, irin kuma ya bi shara. Ta ce idan soso nake so a aika kasuwa. Ban san yadda zan gaya mata cewa idan guntun nan ya mutu, irin Hajiya ya ƙare ba.

Na kankare shi kaɗan da farce, sai na ga kore. Da farko kara na kakkafa na zagaye shi, washegari na tarar wani farin zomo mai jan ido ya tura kai ta tsakani yana sansana. Sai na tuna da tsohuwar randar Hajiya wadda gindinta ya fashe, tana jingine bayan ɗaki. Na ƙarasa fasa gindinta da dutse, na kifa ta a kan guntun, na haƙa ƙasa na binne gefen randar sosai don kada zomayen su yi rami ta ƙasa, na ɗora guntuwar ragar waya a baki. Kafin in ɗora ragar, na datse wurin da suka tauna da reza, daidai saman gaɓa, na shafa masa toka kamar yadda na ga Hajiya tana yi. Daga nan na ɗauko butarta da kujerarta, waɗanda ba a rabar ba.

Kujerar ta yi mini daidai. Nan ne kawai a gidan nake jin kamar ta shiga ɗaki ne ɗauko mayafi. Kwana tara ina alwala a bakin randar ba abin da ya motsa. Ran na goma na ga ɗan toho a gaɓar, ƙarami kamar kunnen ɓera. Kafin hutu ya ƙare ya fito da siririn zare yana lalube a iska, na cire ragar, na ɗaura masa igiya zuwa rumfa, na naɗa ragar a jikin igiyar saboda zomayen. Kawu ya wuce ya gan ni, ya ce ashe an yi mana sabuwar Hajiya a gidan, saura carbi da faɗa.

Ranar komawata makaranta ta zo. Wata uku zan yi, ƙasar kuma kwana biyu ya ishe ta bushewa. Ban taɓa fara yi wa Kawu magana ba bayan gaisuwa. Ina jin ƙarar adaidaita sahun da zai ɗauke ni a bakin lungu, ya fito da butarsa zai nufi bakin kwata don alwalar azahar. Na durƙusa, idona a ƙasa, na tura masa kujerar.

"Kawu, don Allah ka riƙa yin alwalarka a nan, har in dawo."