Kibiyar da ta Kalli Baya

Shekara talatin da huɗu Baba Fanyana Mazibuko yana ɗaura wa motoci taya a wata tsohuwar kwantena a Katlehong, kuma duk wanda ya san shi ya san tsakinsa. Tun yana saurayi a garejin manyan motocin mahaƙar ma'adinai taya ta fashe ta tafi da rabin ɗan yatsansa, daga ranar bai ƙara yi wa roba wasa ba.

Abin da ba ya iya haɗiyewa shi ne 'yan gayun yanzu. Mutum zai zo ya danno masa waya a fuska, wai irin wannan yake so, taya mai uban faɗi, gefenta ko yatsu uku bai kai ba. Tambaye shi faɗin wilinsa, ya yi zuru. Tambaye shi ramuka nawa ne a layin gidansu, ya washe baki. Ba tayar Baba Fanyana ya tsana ba, in ta zauna daidai a kan wilinta shi ma takan burge shi. Jahilci mai turare ne yake tayar masa da zuciya.

Sai ga shi Allah ya haɗa shi da suruki irinsu. Sbonelo, mijin 'yarsa Zamo, ya sayi jar mota mai gurnani, ya tsallake kwantenar ya kai ta wani shagon gilashi a birni, inda ake ba mutum kofi yana jira. Baba Fanyana ya ji labari, ya yi tsaki ya share.

Wata Lahadi a watan Disamba suka biyo cin abincin rana kafin su ɗauki hanyar Durban, da jikarsa Lethu 'yar shekara huɗu a kujerar baya. Hadari ya riga ya fara haɗuwa. Tsohon ya fito tarbarsu, idonsa ya sauka inda ya saba sauka, a kan tayoyin. Irin wannan taya akwai kibiya a gefenta mai nuna inda za ta juya, don zanenta ya riƙa watsar da ruwa waje. In aka ɗaura ta a baibai, ruwan take tarawa a ƙarƙashinta, mota ta hau kansa, birki ya zama ado. Duka huɗun kibiyarsu baya take kallo. Na dama aka sa a hagu, na hagu a dama. Tir!

To, a gidan Mazibuko ba a yi wa mijin 'ya gyara a gaban iyalinsa, ko sunansa ba a kamawa. Sai ya bi ta gefe, ya kira shi da kalmarsu ta suruki.

"Mkhwenyana, yau fa akwai ruwa a kan tsaunukan hanyar Durban."

"Haba Baba, kwantar da hankalinka," in ji Sbonelo yana shafa motar. "Kowace taya a nan ta fi kwantenarka tsada. Da kwamfuta aka ɗaura su."

Kwamfuta! Baba Fanyana ya haɗiye abin da ya taso masa. Da aka zauna kan tuwon masara da gasasshen nama, ya yi loma biyu ya sulale. Ya cire kwat ɗin coci ya rataye a ƙofa. Jak na ɗaga mota ɗaya gare shi a gida, don haka ya jawo bulo ya tokare motar, ya kwance wilolin don ya musanya na dama da na hagu.

Yana cikin mirgino na biyu Sbonelo ya leƙo, ya ga motarsa a kan bulo, ya kurma ihu, "Ɓarayi! Jama'a, ɓarayi!" Maƙwabta suka fito, har da mai riƙe da shebur. Suka tarar da tsoho durƙushe a ƙasa da rigar coci, yana ɗaure noti.

"Baba, wa ya ce ka taɓa?" in ji Sbonelo. "Wannan ba motar haya ba ce!"

Tsohon ya ci gaba da aikinsa. Ya ɗaure na ƙarshe, ya sauke motar, ya sa guntun yatsansa a kan kibiyar ya tsaya har sai da surukin ya sunkuyo ya gani. Wani maƙwabci ya tuntsire da dariya. Zamo ta sunkuyar da kai.

Kana tsammanin Sbonelo zai ce an gode? Ina! Hankici ya zaro, ya tsuguna yana goge wili ɗaya bayan ɗaya, duk inda hannun tsohon ya taɓa. Wannan ya fi ihun yi wa Baba Fanyana ciwo.

"Goge da kyau, Mkhwenyana," ya ce. "Ni ba motarka na taɓa ba. Jikata ce a ciki."

Suka tafi ba sallamar kirki, Lethu kaɗai ke ɗaga hannu ta gilashi. Ruwa ya fara sauka da manyan ɗigo. Ya bi sawun tayoyin a kan jar ƙasa har bakin kwalta, ya duƙa ya duba zanen, ya ga ya tafi yadda ya kamata. Sannan ya koma ya kwashe bulonsa.