Digirin Baba Kwalba

Ɗalibai ne suka sa masa Baba Kwalba, tun ma furfura ba ta fito masa ba. Yana da shekara ashirin da ɗaya aka ɗauke shi wanke-wanke a ɗakin gwaji na sashen kimiyyar sinadarai a jami'a. Aikinsa ya wanke kwalabe, ya goge tebura, ya kulle sito. Amma mutum ne mai kunne. Yana tsaye bakin famfo hannunsa cikin kumfa, malami na bayani, shi kuma yana kwashewa. Kafin shekara goma, ko ta ƙofa ya leƙa ya ga launin ruwan da ke hannun ɗalibi ya san an zarce da ɗigo biyu.

Haka ya yi ta yaye su aji bayan aji. Wannan ya tafi matatar mai, wancan kamfanin magunguna, wata ta samu hukumar ruwa, wani yana gwada siminti. Sukan dawo karɓar takarda, su sauke gilashin mota su ce, "Baba, har yanzu kana nan?" Ya ce yana nan, ina kuwa zai je.

Abin da ya tunzura shi bai taka kara ya karya ba. Wata rana wani sabon malami yana nuna wa 'yan aji biyu gwaji, launi ya ƙi juyawa. Baba Kwalba ya matso a hankali ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwan nan ya kwana a buɗe, ya sha iska. Bari in haɗo sabo."

Malamin ya dube shi sama da ƙasa. "Kai naka wanki ne. Bar mana bayani."

Yara suka yi dariya. Bayan minti ashirin malamin ya aika a haɗo sabon, bai kuwa kalli inda Baba Kwalba yake ba. Da Baba ya koma gida ya ce wa matarsa zai shiga karatun digiri na ƙarshen mako. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, da shekara arba'in da uku? To, Allah ya ba da sa'a. Amma kada ka zo kana huce haushin jarrabawa a kanmu."

Ya kuwa huce a kansu. Lissafi ya yi masa taurin kai, sau uku yana zama kafin ya haye. Ranar Asabar ya zauna kan benci da sa'annin 'ya'yansa, ranar Litinin ya wanke kwalaben da suka ɓata tare. Lokacin jarrabawar gwaji sai da aka karɓe masa makullin sito na mako guda, don shi ne mai haɗa ruwan da za a tambaye shi mene ne a ciki. Shekara shida ya yi. Ya fito da digiri mai daraja, ƙiris ya rage ya kai matakin farko.

Washegarin karɓar sakamako ya kai takardarsa ofishin ma'aikata a canza masa matsayi. Aka ce ya jira gurbi. Ya jira wata goma sha huɗu. Da gurbin ya fito, sanarwar ta ce kada mai nema ya wuce shekara talatin da biyar.

Ya hau bene wurin shugabar sashe. Ɗalibarsa ce a da, shi ya koya mata riƙe ma'auni ba tare da hannu ya yi rawa ba. Ta miƙe ta ba shi kujera.

"Baba, wallahi abin ya fi ƙarfina. Doka ce daga sama."

"Ke kika rubuta musu abin da kike buƙata ai."

Ta ɗauki biro tana juyawa. Can ta ce, "Gaskiya, Baba, in ka bar siton nan wa ya san inda komai yake?"

Ya miƙe. Ya sauko ya koma sito.

Ya gwada waje. A wata masana'antar fenti ya zauna layin masu neman aiki, sakatare ya fito da jerin sunaye ya ce, "Baba, ɗanka ka rako? Masu rakiya waje suke jira." A hukumar ruwa aka yaba takardunsa, aka ce za a neme shi, shiru kake ji. Ƙanin matarsa kuma ya zo da tasa shawarar: "Yaya, tunda kemis ka karanta, ka kama shago mana ka riƙa sayar da maganin ciwon kai." Ya fara yi masa bayanin cewa kimiyyar sinadarai da sayar da magani ba ɗaya ba ne, ya ga mutumin yana hamma, ya bari.

Gurbin nan na jami'a wani saurayi aka ba, ɗan ajinsu, wanda Baba Kwalba ya fi maki. Aka kawo shi aka ce Baba ya zaga da shi ya nuna masa aiki. Ya nuna masa, tsaf, bai ɓoye komai ba, har kwalbar da ba a buɗe ta sai an kunna fankar janye hayaƙi. Da ya gama ya rubuta takardar ajiye aiki. Matarsa ta yi kwana uku ba ta yi masa maganar kirki ba.

Yanzu shekara biyu ke nan yana wata ƙaramar masana'antar sabulu a bayan gari, mota biyu yake hawa kafin ya kai. Mai wurin ya ɗauke shi ne don sabulun ruwansa na yawan rabewa gida biyu a cikin jarka. Baba Kwalba ya gyara wannan cikin mako guda. Ɗakin gwajinsa bai kai kicin ɗin gidansa ba, ma'auni ɗaya ne, taga kuma ba ta rufuwa. Duk da haka shi ke cewa wannan ya yi, wannan bai yi ba, ko da yake ba kullum ake saurarensa ba.

Makon jiya ya gwada wani duro ya ga soda ta yi yawa. Ya sa alli ya yi masa babban gicciye. Mai wurin ya zo yana faɗa, ga mota tana jiran lodi.

"Malam, sabulu ne fa, ba sha za a yi ba!"

"Alhaji, miƙo hannunka in zuba maka, ka riƙe minti biyar. In bai saɓule maka fata ba, a loda."

Alhaji ya mayar da hannu cikin aljihu, ya yi tsaki ya fita. Motar ta tafi babu duron. Har yau ba su gama shiryawa ba, gaisuwa ce kawai ke haɗa su.