Ni Aka Bar wa Wuta

Mahaifina maharbi ne, kakana ma haka. Ni kuwa a direba na ƙare, ina jan motar wani Alhaji a unguwar Marylebone ta Landan, ƙarshen shekarun tamanin. Alhajin nan kullum sai ya nuna ni ga baƙinsa ya ce direbansa ɗan maharba ne, kamar tare da motar ya sayo ni.

Wata rana ya ce za mu Scotland farautar barewa, ya damƙa mini tanti mai murhu in koyi kafa shi. Wallahi ina ganin abin nan na so shi. Tantin ba nauyi, mutum ɗaya zai saɓa shi ya hau dutse. Murhun na ƙarfe ne siriri, yana naɗewa, da bututun da ke fitar da hayaƙi ta sama. Asabar uku ina kafa shi a ɗan filin bayan gidanmu a unguwar Peckham, har maƙwabciya ta kai ƙarata hukumar unguwa, matata kuma ta ce na zautu. Ko a jikina. Na zauna na yi wa Baba kaset, na shaida masa ɗansa zai koma dawa bayan shekara goma sha ɗaya.

Mun isa, sanyi kamar zai tsinke yatsu. Da safe ni na hura murhu, na dafa shayi, na busar wa Alhaji safa. Sai Baturen da zai yi mana jagora ya matso, ya shinshina rigata, ya ce hayaƙi ya kama ni, barewa za ta ji ni tun daga nesa, gara in zauna. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya ya faɗa. Baba bai taɓa barin mu kusa da wuta ranar fita ba, ƙasa ma yake sa mu goga a jiki. Ni da na san wannan tun ina ƙarami, ɗokin murhu ya mantar da ni.

Na dubi Alhaji, ko zai ce in sauya riga. Ko kallona bai yi ba, ya ce dama ai sai an samu mai kula da wuta. Kwana huɗu ina faskare, ina jin ƙarar bindiga can bayan tudu. Barewa ɗaya aka samu, Baturen ya harbe ta, Alhaji ya ɗora mata ƙafa aka ɗauki hoto.

Da muka dawo Landan na yi sati biyu ina juya kaset a hannu. Ban iya yi wa Baba ƙarya ba, ban kuma iya faɗa masa duka ba. A ƙarshe na aika kaset ɗin, na ce mun je lafiya, ni aka bar wa wuta.

Bayan wata biyu wani matafiyi ya kawo amsa. Na kunna a kicin, matata na yanka albasa. Muryarsa ta tsufa ƙwarai. Na zaci faɗa zai yi, ina ma faɗan ya yi.

“Ɗana,” ya ce, “mu a wurinmu wanda ƙafa ta gaza ake bar wa wuta. Me ya sami ƙafarka ka ɓoye mini? Ga magani nan na ba mai kawo saƙo, ka riƙa shafawa safe da yamma.”

Ƙullin maganin na nan cikin jakar tantin har yau. Ban taɓa kwance shi ba.